Allon da Ya Riƙe a Cinya

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya a unguwar Setapak, can ƙasar waje inda muke karatu, da wani mutumin Kafanchan, ni ina digiri na biyu, shi na uku. Makaho ne tun yana ƙarami, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya darar Turawa ta ces kamarsa ba. Allonsa na daban ne, kowane gida da rami, kowane ɗa da tsinke a gindi, baƙaƙen kuma an yi musu alama a ka. Da yatsu yake karanta wasa. A shagon mamak, wato wurin shayi da abinci na ƙasan beninmu, yakan lallasa ni kafin shayina ya huce, yana cewa, "Malam, wannan dokin naka kiwo ya fita?"

Da aka sa gasar ƙasa da ƙasa a wani otal cikin gari, wata uku yana shiri. Abu ɗaya ya roƙe ni: in zauna kusa da shi, in motsa masa 'ya'ya a babban allo, in rubuta wasan. Na ce, "Yaya, an gama." Amma son zuciya ya sa ni ma na rubuta sunana a ɓoye. Na ce a raina ai babbar gasa ce, ba za su rasa wanda za su ba shi ba.

Ashe na yi ƙarya. Alƙalin wasan ya juya allon abokina a hannu kamar kayan sata, ya ce ba su da mataimaki, in bai zo da nasa ba sai dai ya haƙura. Alhali a gabanmu aka ba wani Bature mai karyayyen hannu wanda zai rubuta masa! Sai alƙalin ya dube ni ya ce, "Kai ne mataimakinsa?"

Wallahi kalma ɗaya ce, in ce e. Na ji ana kiran lambar teburina, sai bakina ya ce, "A'a, ni ɗan wasa ne."

Abokina ya lalubi kujera a bakin ƙofa ya zauna, allon a cinyarsa.

Ko awa ɗaya ban yi ba wata yarinya ta yi min cin kaca. Na fito ina jin kunyar kaina. Na yi zaton zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin, da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Malam, karanto min wasan." Ina karantawa yana dasa 'ya'yan a ramukansu. A motsi na sha huɗu yatsansa ya tsaya kan dokina.

"Nan ka faɗi," ya ce. "Da ni ne, da na cinye ta."

Ya koma gida da digirinsa bai taɓa zama a teburin gasa ba. Ni na hana shi, ba alƙalin kaɗai ba, kuma har yau abin yana ci na.