Kafin Ya Tsaya Ya Buɗe Shi

Na yi shekaru ina koyar da Hausa a makarantar sakandare, kuma ina da wani hali da yanzu ba na alfahari da shi: ba na iya jin an karya harshe in yi shiru. Mai irin wannan hali kuwa ba ya hutawa a Bauchi. Mai shago ya ce maka "mota ya zo", maƙwabciya ta ce wa 'yarta "buɗe rediyo", ni kuma ɗan Ƙofar Ran sai in ji kamar an taka mini ƙafa. "Kunnawa ake yi," in ce. "Ƙofa ake buɗewa." Wasu su yi dariya, wasu su raka ni da harara.

Yayana, wanda nake bi, direba ne. Ya ja tirela tsakanin Bauchi da kudu har gemunsa ya yi fari, gwiwarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci. Da ya ajiye babbar mota sai ya sayi wata a-kori-kura 'yar Kwatano mai shan gas, otomatik, yana ɗauko wa mutane hatsi daga Miri da ƙauyukan bayanta. Yakan tsokane ta ya ce motar malalata ce, amma kullum da safe shi ke goge ta da hannunsa.

Wata shekara da kaka, motar ta fara ba shi wahala. In an yi mata lodi ta hau titi, sai inji ya yi ta kuka, tafiyar kuwa ba ta kai kukan ba, man giya ya yi zafi har ana jin ƙaurinsa. Ya kai ta wajen bakanikensa, wani Kirista mutumin kudancin jiha, mai sanyin hali, wanda suka daɗe tare. Ranar da aka gama aikin Yaya ya tafi ta'aziyya, sai ya ce in karɓo masa.

Bayanin da bakaniken ya yi mini ran nan, sai daga baya na gane shi. Tsakanin inji da giyabos akwai wani abu kamar tukunya cike da mai, suna ce masa kwanbata. Cikinta kamar fanka biyu ne suna fuskantar juna, inji ya juya ɗaya, mai ya tura ɗayar. Shi ya sa motar ke iya tsayawa cik ba tare da inji ya mutu ba. In ta ɗauki gudu, akwai wani ɗan akwatin lantarki da ke sa a kulle su wuri ɗaya don kada ƙarfi ya riƙa zurarewa. Akwatin nan ne ya mutu, kuma ba a same shi a gari ba. Kafin a kawo wani daga Kano, sai bakaniken ya ja waya ya sa makunni a ƙarƙashin sitiyari, don direba ya riƙa yin aikin akwatin da hannunsa. A miƙaƙƙen titi ya kunna, kwanbata ta kulle. Kafin ya tsaya ya kashe, ta buɗe. In ya bar shi a kunne, inji zai yi ta tura motar yana kokawa da birki, sannan ya mutu, birki da sitiyari su yi tauri.

Ni kuwa ran nan ban saurara ba. Juma'a ce, ina cikin farar shadda, hankalina duk yana kan kada baƙin mai ya taɓa ni. Yana magana ina "to, to". Sai da na shiga motar ya leƙo ta taga ya nuna makunnin.

"Malam, wannan ne kar Oga ya manta. In mota yana da kaya, kafin ya tsaya ya buɗe shi. Ka ji? Ya buɗe shi."

Na sha jin mutumin nan yana cewa "buɗe fanka", "buɗe janareta". Na yi murmushi a raina, na gyara masa Hausarsa ba tare da na tambaye shi ba. Na kawo motar gida a hankali, ban taɓa makunnin ba. Bayan la'asar na miƙa wa Yaya mukulli na ce, "Ya ce in kana da kaya, kafin ka tsaya ka kunna wannan."

Yaya ya duba ya gyaɗa kai. "Kamar birkin inji na tirela ke nan." Na ce haka ne, kamar na sani.

Shekarun nan ne da ake tsoron bama-bamai. A hanyar Jos, dab da barikin Shadawanka, sojoji sun kafa shinge da ganguna da buhunan yashi. Duk motar da ta taso daga Miri sai ta bi ta nan. Dokar kowa ya san ta: ka rage gudu, ka tsaya inda aka nuna maka, kada ka taɓa waya. Mai babur kuwa sauka yake yi ya tura. Ba wanda yake bukatar a gaya masa abin da zai faru da motar da ta ƙi tsayawa, balle mai ɗauke da buhuna a baya.

Washegari da hantsi ina gyara takardun ɗalibai sai wayata ta yi ƙara. Bakaniken ne.

"Malam, na kira Oga, madam ne ya ɗauka, wai Oga ya bar waya a caji. Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Kafin ya tsaya ya kunna."

Sai ya ɗaga murya.

"Kunna? Malam, ni na ce kunna? Na ce ya buɗe! Ya kashe abin, kwanbata ya buɗe! In ya kunna mota ba zai tsaya ba!"

Biron da ke hannuna ya faɗi. Shingen ne ya fara faɗo mini a rai.

Na fita ba hula. Matar Yaya ta ce tun bayan asuba ya tafi Miri ɗauko masara, ya ce kafin azahar yana gida. Na rasa lambar kowa a can. Ina tsaye a ƙofar gida ina juya waya a hannu sai ga bakaniken a kan babur ɗinsa, da rigar aiki. Bai zarge ni ba, bai ma dube ni ba. "Hau," ya ce. "Mu wuce shinge mu tare shi a gaba."

Ban san addu'ar da ban karanta ba a bayan mutumin nan. Ina jin shi ma yana tasa a hankali cikin harshensu. Duk a-kori-kurar da ta taho sai gabana ya faɗi, in ta wuce ba ita ba ce, sai ya sake faɗuwa, don ban san ko gara in gan ta ko kada in gan ta ba.

Da muka kusa shingen muka sauka kamar kowa. Wannan tafiyar ƙafa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Ƙafafuna suna so su ruga, amma wanda ya ruga a wurin nan ya san abin da ya jawo wa kansa. Muka shiga layin masu tura babura, mata da goyo suna bin gefe, rana tana dukan tsakar kaina. Wani soja yana zaune a bayan buhunan yashi, bakin bindigarsa yana kallon hanyar Miri.

Ba mu kai tsakiya ba bakaniken ya damƙe mini hannu.

Ga ta can, fara, ta sunkuya da nauyin buhuna, tana tahowa a ɗaya hannun. Babu mota a gabanta. Ina hango farar hular Yaya ta gilashi. Wani soja ya fito tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Motar ta rage gudu yadda ya kamata, har na fara cewa ko ya manta da makunnin, Allah Ya sa ya manta. Sai na ga kafaɗarsa ta sunkuya, ya kai hannu ƙarƙashin sitiyari. Yaya bai taɓa raina maganar da na kawo masa ba.

Na so in yi masa ihu. Ko na yi ma, me zan ce daga wannan nisa, kuma wa zai fara juyowa?

Motar ta zabura. Ta yi tsalle gaba, ta kakare, ta sake zabura, duk jikinta yana karkarwa. Sojan ya daka tsalle gefe yana ihu. Inji ya mutu, amma nauyin masara bai bar ta ta tsaya ba. Ta ci gaba da gangarowa shiru, ta wuce inda ake tsayawa, ta doki ganga, gangar ta yi birgima a kan kwalta. Daga nan na ji ƙarar da har yau nake jin ta, ƙarar gyara bindigogi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mutane suka zube ƙasa, babura suka faɗi. Ni ma na tsinci kaina a kwance, bakina cike da ƙasa, ina jiran harbi.

Ba a yi harbin ba. Har gobe ban san abin da ya riƙe yatsun mutanen nan ba sai ikon Allah.

"Sauka! Hannu sama! Kwanta!"

Na ɗaga kai na ga Yaya, dattijo mai jikoki, rub da ciki a kan kwalta mai zafi, hularsa can gefe. Sojan da ke tsaye a kansa shi ma a tsorace yake, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Bakaniken ne ya fi ni zuciya. Daga inda yake kwance ya ɗaga hannuwa biyu ya yi ta kiran babbansu da Turancin bariki, yana cewa shi ya gyara motar, a bar shi ya yi bayani. Aka daɗe kafin a yarda mu matso, hannuwanmu a kan kai. Suka sa aka sauke buhunan, suka farke wasu da wuƙa, masara ta watsu a titi. Bakaniken ya durƙusa ya nuna musu makunnin da wayarsa. Babban nasu ya saurara, sannan ya juya ga Yaya, wanda aka bari ya zauna.

"Baba, wa ya ce ka danna shi a nan?"

Na buɗe baki zan yi magana. Yaya ya riga ni, bai ko kalle ni ba.

"Ni na rikice, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Sai bayan la'asar suka sallame mu. Bakaniken ne ya tuƙo motar gida.

Bayan mako biyu akwatin ya iso daga Kano. Aka sa shi, aka cire makunnin, motar ta koma lafiya lau. Ina tsaye Yaya ya shiga ya tayar da ita, ya ɗora ƙafa a kan birki zai sa giya. Ya daɗe a haka. Sai ya kashe ta, ya fito, ya shiga gida. Cikin satin ya nemo direba ya ba shi mukulli. A majalisa ya ce idonsa ne ya fara rauni, kowa ya yi masa jaje.

Wata rana na same shi shi kaɗai a zaure, na zauna ƙasa kusa da shi.

"Yaya, idonka ƙalau yake. Ni na jawo maka wannan. Ba abin da mutumin nan ya faɗa na kawo maka ba."

"Na sani tun a can," ya ce. "Ai ba da gangan ka yi ba." Ya shafa gwiwarsa. "Ƙafar ce ta ƙi. Da na ɗora ta a kan birki sai in ji ana gyara bindiga. Kada ka gaya wa yara."

Ban gaya musu ba. Daga ranar har Allah Ya karɓi ransa, mutumin da ya kai tirela Legas da Fatakwal ba adadi, a bayan keke mai ƙafa uku ake kai shi duk inda za shi, kuma in aka zo shinge yakan rufe idonsa har a wuce.