Yatsan Gwaggo a Ƙarfen Gado

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, Mandawari ta cika da kiɗa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ban ji komai a raina ba. Tun rasuwar Gwaggo, yayar mahaifina, haka nake. Sai na ga yatsana yana bin kiɗan a bakin tire.

Haka nata yake yi. Tana idar da salla za ta kama begen Annabi ƙasa-ƙasa, tana murmushi, yatsa na buga tabarma.

A kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti, wata Lahadi 'yan coci suka zo duba matar gadon kusa, suka kama waƙa da tafi. Na miƙe zan yi musu magana, ta riƙe mini mayafi.

"Zauna, 'yar nan. Ban san yarensu ba, amma murna suke da Ubangiji. Ke da kike salla kamar an aike ki dole."

Ta kama begenta, yatsa na buga ƙarfen gado.

Har yau sallata haka take, Gwaggo. Allah Ya sa kin tarar da abin da kike wa murmushi. Ni ma Ya ɗanɗana mini, ko kaɗan ne.