Shekarun da Na Zama Idon Baba

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya kira ni cikin rumfarsa ya saki tamfol ɗin ƙofa a bayana. Rumfar tana jingine da katangar gidanmu a Birnin Kudu, a rufe ruf, domin ko ƙwayar ƙasa ba a so ta sauka a kan sabon fenti. A ciki akwai wata jar mota da ya fesa wa fenti kwana huɗu kafin nan. Ya kama hannuna ya ɗora a kan murfin injin, ya ce, "Hadiza, duba da kyau. Akwai sauran ɗigo-ɗigo masu ƙyalli?" Na ce ga su nan birjik. Ya ce, "Ni ba na ganinsu. Kada ki faɗa wa kowa, ko Innarki."

Daga ranar na zama idonsa. Hannun Baba dai bai manta komai ba. Yakan jiƙa samfefa mai laushi a bokitin ruwan sabulu, ya riƙa shafa fentin a hankali har ƙyallinsa ya mutu, wani farin ruwa kamar na wankin shinkafa yana gangarowa ƙasa. Ni kuma in share da tsumma, in sunkuya in kalli wurin a karkace, in kai yatsansa inda ya rage. Sai an gama wannan yake tayar da janareto, ya ɗiga man goge a kan faifan ulu, ya ɗora injin gogewa a jikin motar. A nan haɗarin yake, don idan injin ya daɗe wuri ɗaya, musamman a gefen ƙofar mota, sai ya cinye fentin. Aikina in tsaya daf da kafaɗarsa ina ɗaga murya: "Matsa dama, Baba. Ya isa. Ɗaga."

Ina dawowa daga makaranta zan cire kayan makaranta, in ɗebo ruwa bokiti shida, in shige. Zafin ciki kamar na bakin murhu, warin fenti kuwa ya kama hijabina har 'yan ajinmu suka daina zama kusa da ni. Ta bayan katanga ina jin tafin su Binta ƙawata suna gaɗa, ina jin ƙarar duwatsun carafke, ina ƙirga wasan a zuciyata. Da can kowane dogon hutu a Zandam nake yinsa wurin kakata, muna roron wake, muna gasa masara a bakin gona. Da Kawu Sule, ƙanin Inna, ya zo da babur zai tafi da ni, Baba ya ce akwai aiki. Inna ta fusata: "Yarinya mace kullum a cikin wari, kamar babu yara maza a garin nan?" Na san amsar. Yaron waje zai yi surutu, masu motoci su watse, kuma rumfar nan ce ke ciyar da mu bakwai. Na koma ciki.

Haka muka yi shekara biyu. Wata Alhamis da la'asar ana kamun yayar Binta, na ce wa Baba zan ƙaro ruwa. Na ajiye bokitin a bakin famfo na bi sautin kiɗa. Ina tsakiyar fili na ji janareto ya tashi daga can gidanmu, na gane ya gaji da jira ya fara shi kaɗai. Ban ruga ba. Na ci gaba da tafi har waƙar ta ƙare, aka ɗauko wata, na yi ita ma.

Da na dawo na tarar da shi zaune a kan kifaffen bokiti, injin a ƙasa. A gefen ƙofar wata shuɗiyar mota fenti ya ƙone, toka-tokan da ke ƙarƙashinsa ya fito fili. Bai gani ba, ƙauri ya ji. Ya tambaye ni girman wurin, na ce kamar tafin hannuna. Bai tambayi inda na je ba. Washegari da mai motar ya zo, wani malamin makaranta daga Wurno, Baba bai jira tambaya ba ya ce, "Malam, ba laifin inji ba ne. Idona ne ya tafi." Inna tana zaure, ta ji komai.

Tare muka sake fesa ƙofar muka goge ta, shi ne aikinsa na ƙarshe. Ya sayar da injin, ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da gwangwanayen fenti da samfefa. Hutun da ya biyo baya na je Zandam, amma na fi yawan zama a gindin kuka ina kallon sauran yara.

Yanzu ina koyarwa a Gwaram, Baba ya daɗe da rasuwa, inda rumfar take kuwa tumaki ake ɗaurewa. 'Yata takan yi wasa a waje har a kira magariba, ba na iya buɗe baki in kira ta. Wani lokaci nakan yi kewar tsayuwar nan kusa da kafaɗarsa, lokacin da ba ya motsa hannu sai na ce. Har yau ban sani ba ko amanarsa na ci ranar, ko kuwa mu biyun na 'yantar.