Tumatirin da Ɗana Ya Ba Ni

Komai tsawon ran da Allah Ya ba ni, ba zan manta da ranar da na fara kai wa ɗan farina ziyara a makarantarsu ta kwana ba.

Da galahanga yaron ya taso. A ƙauyenmu da ke gefen Kakangi ba mu san wannan suna ba, wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya son a taɓa shi, ƙara kuwa ko ta taɓarya ce sai ya toshe kunnuwa. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da la'asar, muka gudu daji muka kwanta cikin ciyawa, shi kuma yana ta ihu saboda harbi. Wata maƙwabciyarmu ta raɗa mini, "Don Allah ki rufe masa baki, zai sa a kashe mu." Na danne bakin ɗana da tafin hannuna har ya cije ni. Allah Ya tsare mu, amma daga ranar ko inuwata ya gani sai ya ja da baya.

Bayan mun koma cikin Birnin Gwari da zama, ƙanin mahaifinsa ya samo masa gurbi a wata makarantar kwana ta yara irinsa a Kaduna. Bakina ne ya amince, zuciyata ba ta amince ba. Wa zai san ba ya cin tuwo in miya ta taɓa shi? Wa zai gane ƙishirwa yake ji in ya fara buga ƙofa? Kullum na zo rabon abinci sai na ɗauko kwanonsa, sannan in tuna.

Sai bayan damina hanya ta ɗan yi dama, na bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa. Malamarsu, wata mace mai sanyin murya, ta fara kai ni ɗakin kwanansa. A bango an jera hotuna: wanka, karin kumallo, aji, lambu. Ta ce in ya san abin da zai biyo baya, hankalinsa kwanciya yake yi. Akwai kuma wani ɗaki da ba hayaniya, inda yake zuwa da kansa in ƙara ta dame shi.

"Mama," in ji ta, "kada ki rungume shi. Ki zauna nesa kaɗan, ki kira sunansa, sai ki yi shiru. Yana ji, lokaci kawai yake so."

Na ce, "Malama, ɗan fari ne fa. Ban taɓa kama sunansa ba."

Ta yi murmushi. "Yau dai ki ajiye kunyar nan."

Muka same shi a lambu yana ba da ruwa. Ya yi tsawo, har gashin baki ya fara fito masa. Na zauna a kan wani dutse, na kira sunan. Bai juyo ba. Na yi ta jira har na fara fid da rai. Sai da ya gama shayar da kunyar shukar da ke gabansa tsaf, ya ajiye bokiti, ya tsinko tumatiri ɗaya ja wur. Ya tako har gabana, idonsa na ƙasa, ya buɗe tafin hannuna da yatsunsa ya sa mini.

"Inna, ci," in ji shi.

Na ci, hawaye na zuba, ban ko goge ba. Ya zauna a gefena, kafaɗarsa na ɗan taɓa tawa, yana 'yar waƙarsa ta cikin maƙogwaro. Da aka kaɗa ƙararrawar azahar ya miƙe ya bi 'yan uwansa wajen alwala, bai waiwayo ba. Abin ya sosa mini rai, amma malamar ta ce da yana cikin damuwa da ba zai iya tafiya haka ba.

Har yau yana can, yanzu ma saƙa yake koyo. Hutu yakan zo ya wuce bai zo gida ba, in hanya ta ɓaci. Kewarsa ba ta raguwa, na dai koyi zama da ita. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba kowace soyayya ce ake nuna ta da runguma ba. Wata sai ka zauna nesa kaɗan, ka yi shiru, ka jira mutum ya zo da ƙafarsa.