Kawu Sale da Kwalaben Kaska

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Allah Ya jiƙansa. Bai yi digiri ba, amma ya tsufa yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu a jami'armu ta nan Jos.

A zamaninmu ɗalibi ba ya taɓa bincike sai shekarar ƙarshe, kuma da yawa tsohon aikin wani suke kakkaɓe wa ƙura su sauya suna. Kawu ya tsani wannan. Shi ya roƙi malamina ya bar ni in je rugagen da ke bayan Vom in tattaro kaska daga jikin shanu, a ga wace iri ce ta fi yawa a wane garke. Ba zan fita da digiri ba sai wannan aikin ya kammalu.

Wata uku ina ɗaga wutsiyar shanu, ina zuba kaska a kwalaben sifirit. Tun farko Kawu ya ce in rubuta sunan ruga da fensir, in jefa takardar cikin kwalbar. Ni kuwa 'yar boko, na ga fensir na 'yan firamare ne. Na sa jan biro, na manna takardun a waje, gwanin kyau.

A hanyar dawowa ta ƙarshe kwalba guda ta tsiyaye cikin kwali. Da na buɗe, sifirit ya narkar da rubutun biron duka, ban san kaskar wace ruga ce a wace kwalba ba. Saura mako shida a miƙa aiki. Na yi kuka, sannan na ce zan cika sunayen rugagen da ka, ai ba mai ganewa.

"Ke za ki sani, Dakta," in ji Kawu. Haka yake tsokanata. "Gobe ki fito da wuri."

Ya ɗauki hutunsa na shekara, wanda ya tanada don aikin gonarsa. Kullum daga unguwar Nasarawa Gwom zuwa Vom a tsohon babur ɗinsa, shi ke riƙe ƙaho, ni ina cira. Ruga huɗu muka iya komawa maimakon tara. Aikin ya fito ƙarami, amma ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na ci.

Yau ina koyarwa a sashen. Ɗalibai suna samun fita fili tun daga aji biyu, wasu har hutunsu suke yi a wuraren bincike, mata ma ba a bar su a baya ba. Da Kawu ya ga haka da ya ji daɗi, na tabbata. Da kuma ya ga masu kwaso aiki sukutum daga shagon intanet, da ya yi tsakin nan nasa ya ce ƙurar ce kawai ta ragu.

Bai bar littafi ba, ba hotonsa a bangon sashe. Abin da ya bari shi ne mu, da yadda muke jin kunyar rubuta abin da ba mu gani ba. Wannan ya ishe ni, alhamdu lillahi.

Abu ɗaya ne ya rage tsakaninmu. Har ya rasu ina dagewa cewa biron ne jabu, shi kuma yana gyaɗa kai yana murmushi. Gonarsa ta kwana biyu cikin ciyawa a shekarar nan, bai taɓa yi mini gori ba. Kawu, biron lafiyarsa ƙalau. Ni ce ban ji magana ba.