Wankan da Na Yi wa Ƙawata Alkawari

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada kowa ya ce mini ta zo mu ji ta. Tatsuniya ana gama ta a yi dariya a watse. Wannan kuwa ta tsaya mini a ƙirji tun shekarun da anka fara kwasar yara ƙauye-ƙauye ana kai su boko, har yau.

Muna Gummi a lokacin. Mai gidana ya rasu, na fita takaba, ina zaune gidan ɗana na fari. Akwai ɗaki kusa da zaure da munka ba wata malamar makaranta haya, Kirista ce daga ƙasar Filato, mace mai hankali. In ta taso aiki sai ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya ta buɗe littafi, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Ni ban san baƙi ba, abin salla kawai na riƙe da ka. Wata rana na ce mata, "Malama, mi ke cikin takardar nan da kike ta girgiza kai?"

Ta ce, "Inna, labarin mutanen da ne, na wata ƙasa tsakanin koguna biyu, can gabas. A kan laka sunka rubuta shi, ƙasa ta binne shi, daga baya anka tono."

Na ce, "To juya mini shi da Hausa. Kunne ba ya biyan haya."

Haka ta dinga ba ni shi kaɗan-kaɗan, kullum bayan la'asar. Wani sarki ne mai ƙarfi da ya addabi talakawansa. Sai ga wani mutum da ya tashi cikin daji tare da namun dawa. Sunka haɗu, sunka kama kokawa, ba wanda ya ji daɗin wani, daga nan sunka zama aminai, ko ina tare.

Da na ji haka na yi dariya, don ni ma haka tawa ta faro. Ina da ƙawa Bafillatana mai tallan nono. Muna amare munka haɗu a kasuwa, na ce ta cika nononta da ruwa, ta ce furata rabi tsakuwa ce, har sai da anka shiga tsakaninmu. Kasuwa ta zagayo ta kawo mini man shanu, na kai mata goro da zane, munka ƙulla ƙawance a gaban mutane. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, kullum Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari. Ni na yi mata jinya shekarar da ciwon shanu ya share musu garke ta kwanta don baƙin ciki. Daga baya sunka tashi da rugarsu sunka koma wajen Adabka, ƙasar Bukkuyum, amma saƙo bai yanke ba.

Kafin su tashi mun taɓa zuwa wata rasuwa tare, munka ga an yi wa tsohuwa wanka a gurguje kamar ana ɗauraye tukunya. A hanyar komawa ta tsaya ta kama hannuna. Ta ce, "Kaɗo, in na riga ki, ke za ki yi mini wanka. In kin riga ni, ni zan yi miki, ko da yake Haɓe sai an sha wuya suke fita." Munka tafa. Alkawarin da ke tsakaninmu ke nan, kuma duk gidanmu ba wanda bai san da shi ba.

Labarin malama ya ci gaba, har aminin sarki ya kwanta ciwo ya mutu. Ta ce sarki ya hana a rufe shi, ya zauna yana kuka a kansa kwana da kwanaki, sai da tsutsa ta fito daga gawar sannan ya saki.

Na ajiye gyaɗar. Na ce, "Malama, wanga sarki ba shi da manya? Gawa ba kayan ajiya ba ce. Mutum ya cika, haƙƙinsa a wanke shi, a suturta shi, a kai shi makwancinsa tun rana ba ta juya ba. Wannan ba ƙauna ba ce, wulaƙanci ne."

Ta ce, "Inna, da kina zamanin da kin ja masa kunne."

Na ce, "Da muciya zan bi shi."

Ina nan ina yi wa sarkin da ya mutu tun kafin kakannin kakanni faɗa, ashe tawa aminiyar tana can kwance.

Kaka ce, ana yankan gero. Wata mai nono ta yi sallama da hantsi, ta sauke ƙwarya, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ta yi ta cigiyarki." Na ce, "Wa?" Ta dube ni, ta rufe baki da hannu. A bakinta na ji cewa ƙawata ta yi jinya mai tsawo, an aiko ba sau ɗaya ba, kuma ɗana anka ba saƙon a kasuwa, hannu da hannu. An rufe ta tun kasuwar da ta wuce.

Ku da kuke tasowa yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ni ban taɓa kama sunan yaron nan ba. Ba na zama inda yake zaune, ba ma haɗa ido. In yana da magana sai ya faɗa wa matarsa ta kawo mini, in ina da ita sai in bi ta nan. To saƙon ƙawata ma ta nan ya bi, ya ce wa matar ta riƙe shi tukuna har a gama girbi, kada hankalin Inna ya tashi. Ita kuma ta riƙe. Tana miƙo mini tuwo safe da yamma da saƙon mai mutuwa a bakinta.

Ranar na karya abin da ban taɓa karyawa ba. Na same shi a zaure yana gyaran lauje, na tsaya a kansa na ce, "Kai."

Ya miƙe, lauje ya faɗi. Ya ce, "Inna, lafiya?"

"An ba ka saƙo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "An ba ni. Hanyar Adabka ba ta biyuwa yanzu, ga aiki ya taso. Na ce in an kwana biyu. Da labarin rasuwar ya zo kuma na yi musu gaisuwa a madadinki."

"A madadina. Wankan ma ka yi a madadina?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Na ga ba jini ba ce. Da 'yar'uwarki ce da ni da kaina zan ɗauke ki."

Ba jini ba ce. Matar da ta yanke masa cibi. Na ce masa, "Ranar da ka faɗo duniya hannunta ka fara taɓawa kafin nawa. Je ka tambayi jinin naka ina suke a ranar."

Washegari na shiga akori-kura zuwa Bukkuyum, daga nan mai babur ya kai ni rugar. Hanyar da anka ce ba ta biyuwa, tsohuwa ta bi ta ta isa kafin azahar. Ɗiyar ƙawata ta tare ni, ta shigar da ni bukkar uwarta, ta ɗauko wata sabuwar ƙwarya da busasshen ganyen magarya a ciki. Ta ce, "Inna, wannan ta tanada ta ce naki ne, ke za ki dama ki yi mata wanka. Duk wanda ya ɗaga asabari sai ta ce, Kaɗo ce? Da ta cika ba mu taɓa ƙwaryar ba, da wata munka yi."

Sun rufe ta a safiyar da ta cika, kuma sun yi daidai. Mace ba ta zuwa maƙabarta, don haka ko tudun ƙasar ban gani ba. Ba takaba ga ƙawa, ba zaman makoki, ba wanda zai zo ya ce miki sannu. An yi wa miji wuri, an yi wa ɗa wuri, an yi wa dangin da ba su taɓa kawo ko ruwa ba wuri. Wadda ta san inda ke miki ciwo tun kuna amare, ita sai ta ji a bakin mai nono.

Da na dawo na ce wa malama ta ƙarasa mini labarin. Ta ce sarki ya bar garinsa ya shiga duniya neman maganin mutuwa, ya sha wuya, har ya samo wani tsiro a ƙarƙashin ruwa, maciji ya lallaɓo ya ɗauke, ya koma gida hannu wofi. Na ce, "Ya faro da kukan amininsa ya ƙare da kukan kansa. Tsoro ne ya kore shi daji." Har yau ban janye ba, kuma ajiye gawar nan bai yi ba. Amma abu guda na riƙe. Mutanen nan ba su san salla ba, ba su san alƙibla ba, duk da haka da amininsa ya kwanta yana gefensa, kuma duk faɗin garin ba wanda ya ce masa ba jini ba ne. Har sunka ga abin ya isa a rubuta a kan laka.

Na tara ɗana da matarsa, na sa malama da matar liman sunka zauna shaida. Na ajiye ƙwaryar a tsakiya na ce, "Ɗiyar ƙawata ita za ta yi mini wanka, da wannan ƙwaryar. A aika mata tun ina numfashi, kuma baki da baki, ba ta hannun kowa ba. In na cika ba ta iso ba, kada a jira, ni ba gawar aminin sarki ba ce. Amma in ya zama ba a aika ba ne, ban yafe ba."

Ƙwaryar tana nan rataye a ɗakina. Tun daga ranar, ko zazzaɓi ya kwantar da ni sai in ji an tada babur a ƙofar gida. Yarinyar nan ta sha zuwa ta tarar da ni zaune ina shan kunu, ta kwana, ta koma. Ita ma yanzu ta yi furfura. Ɗana da kansa ke zuwa ɗauko ta, kuma ban ƙara jin ya ce hanya ba ta biyuwa ba.