Wutar da Ba Ta Ɗibuwa

Kakata Nenne ba ta taɓa barin wutar murhunta ta kai yamma da rai ba. Ta iya binne garwashi a toka ya wuni ya kwana, kamar kowace mace a Burumburum ta wancan zamani, amma da zarar an sauke abincin rana sai ta yayyafa masa ruwa. La'asar sakaliya ta yafa zane, ta ɗauki wani tsohon kasko mai ɓantararren baki, ta ce ta tafi ɗiban wuta. Gidan da za ta je ɗin, in ka yi tari a tsakar gidanmu suna ji, amma sai rana ta kusa faɗuwa take dawowa, da ɗan garwashi da labarin wadda ta haihu, da wanda zazzaɓi ya kayar, da wanda saniyarsa ta shiga gonar wani. Mahaifina, da ya soma shiga birni idonsa ya buɗe, ya taɓa kawo mata kwalin ashana. Ta karɓa hannu biyu, ta sa masa albarka, ta adana a cikin ƙwarya. Bayan rasuwarta aka same shi, ko tsinke ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Bafulatana ce da ta girma a bayan shanu, tsakanin dazukan Doguwa da ƙasashen kudu, kafin kakana, manomi, ya aure ta ya zaunar da ita. Ta zauna ɗin, amma irin zaman wanda ya sauke kaya don ya huta. Ƙoranta kullum a ɗaure suke cikin raga, kamar gobe za a tashi.

Lokacin sanyi, in an ci tuwo an yi isha'i, a ɗakinta muke taruwa. Wuta a tsakiya, dankali a cikin toka, hayaƙi yana sa mu hawayen da babu baƙin ciki a cikinsa. Ni nake kame wurin da ya fi ɗumi, ita kuwa ba ta taɓa ƙyale ni ba.

“Ku dubi mijin banza,” in ji ta. “Ba cefane, ba itace, amma shi ne a gaban wuta.”

A bakin ƙofa Goggo Hajjo ke zama, autar Nenne, wadda da kaɗan ta girme ni. Ta zama budurwa, saboda haka ta fi ƙarfin tatsuniya, saƙar faifai kawai ta kawo ta. Amma bari Nenne ta tsallake wani wuri, daga bakin ƙofar za ka ji gyara.

Nenne ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, “Ga ta nan tafe a kan takarkari.” Mu amsa, “A sauke ta mu gani.” Wadda ta fi yawan saukewa kuwa ita ce ta Daso.

Wai a cikin wata ruga mai yawon kiwo akwai wata mace, Daso, mai tsabta, mai hanzari, ba ta da aibu sai guda: ba ta son ta ce wa kowa “ba ni.” Duk inda ruga ta sauka, mata sukan ɗauki kasko su shiga ƙauyen da ke kusa su ɗebo wuta. Daso ta ga wannan wahala ce da ƙasƙanci. Ta sa mai ginin tukwane ta gina mata wata tukunya mai murfi da 'yan ƙofofi, ta riƙa cika ta da busasshen kashin shanu, garwashi yana ci a hankali a ciki, ta ɗaura a kan takarkarinta, san ɗaukar kayanta, tare da tabarmi da sandunan bukka. Kafin sauran mata su dawo daga ƙauye, ita ta dafa, ta ci, ta wanke, tana sakace. Tun da ba ta bukatar kowa, sai ta riƙa kafa bukkarta can gefe, inda surutu ba zai dame ta ba.

“Abin da ba ta sani ba,” Nenne takan ce, tana juya dankali da tsinke, “kasko ba wuta kaɗai yake ɗaukowa ba.”

Masu ɗiban wuta su ake gaya wa rijiyar da ruwanta ke da ɗaci, da gonar da ba a girbe ba tukuna, da dajin da shanu ke kamuwa da ciwo. Ran nan ruga ta sauka a bakin wani rafi busasshe, yashi fari tas, mai daɗin shimfiɗa. Matan ƙauye suka ce wa masu kasko, “Kada ku kwana a yashin nan. In an yi ruwa a kan duwatsu, rafin yakan zo ba sallama, ko da nan ɗigo bai sauka ba.” Ruga ta koma tudu. Daso tana can bayan kwanar rafin, ba wanda ya tuna da ita, don ba a tuna wanda bai saba zuwa ba. Ruwa ya zo. Ta tsira da ranta da zanen jikinta, amma ƙoran sun tafi, tukunyar wuta ta yi cuuu ta mutu.

Sai ga Daso a ƙauye, tana rawar ɗari, da guntun tsingaro a hannu. Karnuka suka yi mata caa. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, “Wace ce?” Ta ce, “Ni ce ta bakin rafi, ai kun ga hayaƙina.” Tsohuwa ta ce, “Mun gani. Amma hayaƙi bai gaishe mu ba.”

Daga nan ƙarshen ya danganta da yadda muka wuni. In mun yi hankali, tsohuwar takan ja ta ciki ta ba ta wuta da zane. In kuwa an kawo ƙararmu da rana, to, ƙofofi a rufe suke, Daso ta yi ta yawo har ta rikiɗe ta zama maƙesu, ƙwaron nan mai ƙyalli a bakin fadama, tana ɗauke da wutarta har yau, wutar da ba ta ɗumama kowa, ba ta kuma ɗibuwa. Sannan Nenne ta karkaɗe hannu ta ce, “Na ɗaure ta a turke, kowa ya nemi tabarmarsa.”

Na girma na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Na sha bayyana wa ɗalibai a kan allo yadda maƙesu ke samun haskensa, da zane da komai, sun kuma ci jarrabawa da bayanin. Ni dai a raina na san Daso ce.

Yanzu daga cikin waɗanda suka zauna a ɗakin nan, ni da Goggo Hajjo kaɗai muka rage. Tana wani ƙauye a gindin duwatsu, gaba da Doguwa, inda ta yi aure ta tsufa. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take kira na. Duk zuwan da zan yi, magana ɗaya ce: “Babana, 'ya'yan Nasiru fa? Kafin in mutu ina so su kwana a ɗakina, ko sau ɗaya.” Nasiru ɗana ne na biyu, injiniya ne a Kano. 'Ya'yansa, Hanan da Sadik, sun san sunayen biranen duniya, amma sun ji labarin sauro da masai na ƙauye, sun kuma yanke hukunci.

Bara sai Nasiru ya zo da fara'a, wai ya samo mafita. Ya ɗauke ni zuwa wurin wani dillalin motoci, ya nuna mini wata doguwar farar mota, tsohuwar Turai, irin wadda ake kira tafi-da-gidanka. A ciki akwai gadaje masu ninkewa, da firij, da murhun gas, da tankin ruwa, da banɗakin da in ka shiga da kumburin ciki ƙofar ba za ta rufu ba. A rufinta an shimfiɗa faifan sola.

“Alhaji, wannan ba mota ba ce, gida ne,” in ji dillalin, yana bubbuga jikinta. “Duk inda kuka je hutu da iyali, ba ruwanku da otal, ba ruwanku da gidan kowa. Ko ruwan sha ba za ku roƙa ba.”

Ya faɗi haka ne a matsayin yabo. Ni kuwa sai na ji ƙamshin busasshen kashin shanu.

“Baba, ka ga ke nan,” in ji Nasiru. “Yara su ga Goggo, su kuma kwana a inda suka saba.”

Na ce, “Gani ta ce, ko kwana?”

Ya ce, “Ai a ƙofar gidanta za mu tsaya. Kusan duk ɗaya ne.”

Tsohon hedimasta ba shi da ƙararrawa a gidan ɗansa. Aka sayi mota.

Hutun ƙarshen shekara muka kama hanya. A bakin tafkin Bagauda muka ci abincin rana, kuma gaskiya motar ta yi rawar gani: shayi da zafinsa, inuwa, ga ruwa shimfiɗe a gabanmu. A Tudun Wada mutane suka ɗauka masu rigakafi ne. Bayan Doguwa, da muka sauka daga kwalta, gidan namu ya soma rangaji, kwanuka suna kiɗa a cikin kabad, har muka tsaya a gindin ɗorawar ƙofar gidan Goggo da la'asar.

Ta fito da sandarta tana guɗa. Ta kama kunnuwan yaran ɗaya bayan ɗaya, ta kira Nasiru angonta da ya gudu da sadaki. Ta ja mu ta nuna mana ɗakinta: an yi sabon daɓe, an shimfiɗa sababbin tabarmi, an rataye gidan sauro wanda daga gani aro ne. A madafa ga zabi an fige, ga wuta tana ci.

Safiya, matar Nasiru, yarinya ce mai ladabi. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Goggo, da ba ki wahalar da kanki ba. Mun zo da komai, har wurin kwana da abin girki. Ba ma so mu ɗora miki nauyi.”

Goggo ta dubi gidan sauron, ta dube ni. Ta ce, “To, madalla.”

Suka koma mota. Ni ina zaune a tsakar gida, sai na ga ta ɗebi ruwa a buta ta nufi madafa. Matar wani jikanta, wadda ke mata girki, ta ce, “Goggo, ban fa ɗora ba!” Ta ce, “Na sani.” Murhu ya yi cuuu. Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a hannu. Daga ɓantararren bakin na gane shi.

Na bi ta a baya. Ta tsaya a ƙofar motar ta buga da sanda.

“Salamu alaikum, masu gida. Maƙwabciyarku ce. Wutata ta mutu, na zo ɗiba.”

Safiya ta yi sauri ta murɗa murhun gas, shuɗin harshe ya tashi gwanin kyau. Goggo ta miƙa kasko. Safiya ta dubi wutar, ta dubi kaskon, ta rasa ta inda za ta fara.

“Goggo, ga ashana,” in ji Nasiru.

“Kai angon banza, ashana ka ji na ce? Wuta na zo ɗiba.”

Hanan ta ce, “Wannan ba a ɗibar ta, Goggo.”

“Ikon Allah. Ba garwashi? Ba toka? To, a ina kuke gasa dankali?”

Sadik ya ɗago kai daga wayar uwarsa. “A toka ake gasa dankali?”

Goggo ta yi kamar ba ta ji ba. Ta juyo gare ni ta ce, “Babana, ka ji mu. Tawa ta mutu, tasu ba ta ɗibuwa, ga zabi a fige. Sai mu shiga maƙwabta.” Ta ɗora kaskon a hannun Hanan. “Riƙe da kyau, na kakar kakanki ne. Amarya, yafa mayafinki, ba a aika yara su kaɗai a garin da ba a san su ba.”

Gidan da ke kusa, in ka yi tari suna ji. Sai da aka yi magariba suka dawo. Ashe gidan farko sun ce tasu ba ta yi garwashi ba tukuna, a gwada na gaba, kuma ina da dalilin zaton bakinsu ɗaya da Goggo. Suka shigo Hanan tana tafe a hankali da wuta a gaba, Sadik da ƙwai a cikin hularsa, Safiya da ƙwaryar nono a ka, tana dariya, ta kuma san sunan rabin unguwa.

Abinci ya makara, sanyin duwatsu ya sauko, wuri mai ɗumi kuwa ɗaya ne a gidan. Ina daga bakin ƙofa, inda Goggo take zama a da, na ji ta ce, “Ga ta nan tafe a kan takarkari.” Yaran ba su san amsa ba. Ni na ba su. Ta tsallake wurin karnuka, na gyara mata. A wannan karon tsohuwar ta buɗe wa Daso ƙofa. Kafin a ɗaure tatsuniya a turke Sadik ya yi barci da toka a baki, Hanan ta bi shi, kuma ba a haifi injiniyan da zai ɗauke yaro mai barci daga tabarmar Goggo ba.

Ni da Nasiru a mota muka kwana. Bayana yana ciwo, gadon kuwa babu laifi.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar Daso a kan girman kai take, haka ma zan rubuta da an tambaye ni a jarrabawa. Sai a ƙofar motar nan na ga ɗaya ɓangaren. Nenne ba rasa wuta take yi ba. Kashe ta take yi don maƙwabta su sami abin da za su ba ta, domin ta san mutane suna yafe wa wanda ya dame su, amma da wuya su yafe wa wanda bai bukace su da komai ba.

Motar tana nan, ana zuwa hutu da ita, ba na kuma kushe ta. Da za mu taho, Goggo ta naɗe kaskon a tsumma ta ba Safiya, ta ce duk inda suka sauka kada su kunna tasu sai sun nemi ta mutane. Yana cikin kabad tsakanin farantai. In an sauka daga kwalta, shi ne ya fi kowane kwano surutu.